Ma'aunan rarrabe lufus: maki 9 ne, to lufus ce ko ba lufus ba?

Likita_Mai_Koyo:
Assalamu alaikum manya da ƙanana. Ina da tambaya a kan lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, a yi mini haƙuri don za ta ɗan yi tsawo. Akwai wata baiwar Allah da muke bi, shekarunta 26. Wata huɗu ke nan tana fama da kasala da ciwon gaɓoɓi, amma gaɓoɓin ba su kumbura ba, kuma ba ta tashi da sanƙarewa da safe. Tana da gyambo a ganɗa wanda ba ya mata zafi. Ƙwayoyin daskarar da jini sun sauko zuwa 78,000, C3 ya yi ƙasa, C4 daidai yake (su biyun furotin ne na garkuwar jiki da ake aunawa a jini). ANA, gwajin da ke nuna garkuwa na kai wa ƙwayoyin jiki hari, ya fito a kan 1:320 (wato ko an tsarma jinin sau 320 ana ganinsa), amma anti-dsDNA da anti-Sm, gwaje-gwajen da suka fi keɓanta da lufus, ba su nuna komai ba. Fitsari ƙalau.

Na ɗauko ma'aunin EULAR/ACR na 2019, na ƙungiyoyin likitocin amosani na Turai da Amurka, wanda ke ba kowace alama maki, na lissafa. Ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini maki 4, C3 maki 3, gyambon baki maki 2. Jimla 9, alhali 10 ake nema. Wani da ya girme ni a aiki ya ce tunda ba ta cika ba, kada in kuskura in rubuta lufus a fayil. Ni kuma zuciyata ta ƙi yarda. Tambayata ita ce, waɗannan ma'aunai nawa ne gaskiyarsu idan aka fito da su daga takarda aka kawo gaban mara lafiya? An ce na 2019 yana kama kashi 96 cikin ɗari na masu cutar. Shin wannan yarinya tana cikin kashi 4 da ya kuɓuce ne, ko ni ne nake ganin abin da babu?

Dr_Amosani:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ɗauko na SLICC na 2012, ma'aunin wata ƙungiyar cibiyoyin lufus ta ƙasa da ƙasa, ka gwada ta da shi. Gyambon baki ɗaya, ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini biyu, ANA uku, faɗuwar C3 huɗu. Huɗu ake nema cikin 17, da sharaɗin a samu aƙalla ɗaya daga alamun jiki da ɗaya daga gwajin garkuwa. Ta cika. Sai ka koma na ACR na 1997: gyambo, matsalar jini, ANA. Uku ke nan cikin 11, ba ta cika ba, don shi bai san da zancen C3 ba. Mace ɗaya, rana ɗaya, ma'auni uku, ɗaya ya ce e, biyu sun ce a'a. Jikinta bai canza ba tsakanin takardar farko da ta uku.

Abin da za ka faɗa wa yayan naka cikin ladabi shi ne, ba a ƙirƙiri waɗannan ma'aunai don gano cuta a ɗakin duba marasa lafiya ba. An yi su ne don masu bincike, domin idan aka ce an gwada magani a kan mutum ɗari biyar masu lufus a Jamus da Kanada da Japan, a tabbata mutane iri ɗaya ake magana. Waɗanda suka rubuta na 2019 da kansu sun faɗi haka ƙarara.

Sista_Maijidda:
Dakta, to idan ba don gano cuta aka yi su ba, me ya sa su ake liƙa mana a bango, kuma su ake tambaya a jarrabawa? Tambaya ce tsakani da Allah.

Dr_Amosani:
Sista, saboda babu wani ma'aunin gano lufus da duniya ta yarda da shi. Da aka rasa uwa sai aka yi uwar ɗaki. Kuma suna da amfani wajen tuna wa mutum abin da zai duba. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka mai da su alƙali.

Mai_Lissafi:
Bari in shigo ta ɓangarena, don wannan kashi 96 da ake ta ambato yana yaudarar mutane. Alƙaluman da aka fitar tare da ma'aunin 2019, a rukunin da aka tabbatar da shi mai mutum 1,270, ga su. Na 2019 ya kama kashi 96.1 na masu cutar, ya kuma wanke kashi 93.4 na waɗanda ba su da ita. Na 1997 ya kama 82.8, ya wanke 93.4. Na 2012 ya kama 96.7, ya wanke 83.7. Wato na 1997 komarsa tana da manyan ƙofofi, kifi da yawa na sulalewa. Na 2012 yana kwaso kifin har da kwaɗi. Na 2019 aka yi ƙoƙarin haɗa alherin biyun.

Amma ku dubi rukunin. Fiye da rabinsu masu lufus ne. A wane ɗakin duba marasa lafiya ne rabin masu shigowa suke da lufus? Mu yi lissafi na misali kawai. Mutum 1,000, rabi masu cutar. Ma'auni zai kama kamar 480 cikin 500, ya yi kuskuren ɗora wa kamar 33 cikin sauran 500. Duk wanda ya cika maki, kusan kashi 94 gaskiya ne. Yanzu a ce cikin 1,000 ɗin mutum 100 ne kawai masu cutar. Zai kama 96, ya ɗora wa kamar 59 cikin 900. Wanda ya cika maki yanzu, damar ya zama mai lufus ta sauko zuwa kashi 62. Ma'aunin bai canza ba, mutanen da ake aunawa ne suka canza. Idan ka sauko zuwa inda mutum 1 cikin 100 ne mai cutar, yawancin waɗanda suka cika makin ba su da ita.

Ɗalibi_Aji5:
Kai, Malam, Allah ya saka da alheri. Shekara biyu ina haddace waɗannan lambobi ban taɓa fahimtar haka ba.

Ɗan_Lab:
Ni wurin da nake son a tsaya shi ne ƙofar shiga. Na 2019 ya ce idan ANA bai taɓa fitowa a kan 1:80 ko sama ba, kada ma a fara lissafi. Dalilinsu shi ne an tattara bincike 64 masu marasa lafiya sama da 13,000, aka ga a wannan matakin gwajin yana kama kusan kashi 98 na masu lufus. To amma mu da muke zaune gaban madubin likita mun san abin da ake kira ANA ba abu ɗaya ba ne. Akwai na asali da ake yi a kan ƙwayoyin HEp-2, ƙwayoyin jikin mutum da ake rainawa a lab, a duba haskensu da ido, akwai na hanyar gwaji da ake kira ELISA, akwai na inji mai gwada abubuwa da yawa lokaci guda. Jini ɗaya za ka raba gida biyu, wannan ya ce akwai, wancan ya ce babu. Ko a cikin na HEp-2 ɗin, kayan kamfani kaza da na kamfani kaza ba lallai su ba ka amsa ɗaya ba, kuma idon mai karantawa ma yana da nasa.

Ta ɗaya gefen kuma, lafiyayyun mutane suna da ANA. Wani tsohon bincike na 1997 ya samu kusan kashi 32 na lafiyayyu suna da shi a 1:40, kashi 13 a 1:80, kashi 5 a 1:160, kashi 3 a 1:320. Don haka ku daina turo mana ANA ga duk mai ciwon baya, don Allah. Sakamakon zai fito, hankalin mara lafiya ya tashi, ku ma ku rasa yadda za ku yi da shi.

Likitar_Fata:
Ɗan_Lab ya fama mini inda yake mini ƙaiƙayi. Sau nawa ake turo mini mace da takarda an rubuta "ƙurajen malam-buɗe-littafi, ANA ya fito, a duba lufus", in duba in ga rozeshiya ce, wata cutar fata mai jajaye fuska, ko amosanin fuska mai maiƙo. Kurjin lufus na kumatu yana tsallake layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki. Idan ka ga ya cika wannan layin, ka sake tunani. Kuma wannan alama kaɗai maki 6 ce a ma'aunin 2019. Kuskure ɗaya a fuska, an ba mutum fiye da rabin makin da ake nema.

Sannan ga matsalar launin fata. Hotunan da ke yawancin littattafai na farar fata ne, kurjin ja wur. A baƙar fata ba ja za ka gani ba, duhu za ka gani ko ruwan hoda mai duhu, wani lokaci sai ka shafa ka ji ya ɗan tasa. Likitan da idonsa bai saba ba zai wuce shi. To ka ga ma'aunin bai yi laifi ba, amma maki 6 sun ɓace.

Likita_Mai_Koyo:
Na gode ƙwarai. Hajiya Likitar_Fata, na sake duba fuskarta da fatar kanta jiya a hasken rana, babu kurji, babu tabo. Ta ce gashinta na zuba, amma ni ban ga wurin da ya yi sanƙo ko ya ragu ba, shi ya sa ban ba ta makin ba.

Likitar_Fata:
Ka yi daidai. Sai likita ya gani da idonsa ake ƙirgawa. Amma ka lura, da ka ba ta wannan maki 2 ma babu abin da zai ƙaru, don zubar gashi da gyambon baki gida ɗaya suke, kuma a kowane gida mafi girma kaɗai ake ɗauka.

Ɗalibi_Aji5:
Ashe! Ni duk haɗa su nake yi. To gidajen nawa ne?

Dr_Amosani:
Goma. Bakwai na jiki: zazzaɓi, jini, ƙwaƙwalwa, fata da baki, rigar huhu da ta zuciya, gaɓoɓi, ƙoda. Uku na garkuwa: ƙwayoyin antifosfolifid masu iya jawo toshewar jijiyar jini, C3 da C4, sai anti-dsDNA ko anti-Sm. Kuma dole a samu aƙalla alama ɗaya ta jiki, ba a cika goma da gwajin jini zalla.

Amma dokar da aka fi takawa ba wannan ba ce. Ita ce wadda ta ce kada a ƙirga alama idan akwai wani dalili da ya fi lufus dacewa da ita. Bari in ba ku misali da abin da na gani da idona. An turo mini wata dattijuwa an ce ta cika maki 11. Gaɓoɓi a kumbure maki 6, fararen ƙwayoyin jini ƙasa da 4,000 maki 3, gyambon baki maki 2, ga ANA. Da na zauna da ita, ashe shekara tara tana da amosanin rumatoid, anti-CCP, gwajin rumatoid, ya cika ya batse, hoton hannu ya nuna ƙashi ya zaizaye, kuma tana shan maganin rumatoid mai suna metotireksat. Gaɓoɓin na rumatoid ne, gyambon da faɗuwar fararen ƙwayoyin aikin magani ne. Makinta na gaskiya sifili. Wanda ya turo ta bai yi kuskuren lissafi ba, shida da uku da biyu sha ɗaya ne. Kuskuren tunani ya yi.

Mai_Lissafi:
Dakta, nan ne ni kuma nake da ƙorafi a kan ma'aunin kansa. Idan sai ƙwararre ya yanke cewa wannan alama ta lufus ce kafin a ƙirga ta, ashe ƙwarewar likitan aka auna, ba takardar ba. Kuma da me aka gwada ma'aunin tun farko? Da hukuncin ƙwararru. Babu wani gwaji guda da za a ce shi ne gaskiyar ƙarshe. Ƙwararru suka ce wannan lufus ce, aka gina ma'auni daga tunanin ƙwararru, aka dawo aka tambaya ko ya dace da hukuncin ƙwararru. Maciji ne ya haɗiye wutsiyarsa. Kashi 93 ɗin nan na wanke marasa cutar, na hannun wanda ya ga lufus ɗari biyar ne. A hannun wanda ya ga biyar, Allah kaɗai ya san nawa ne.

Dr_Amosani:
Ban ƙi ta taka ba, amma ka yi musu adalci. Ba likitan da ya kawo mara lafiya kaɗai aka yarda da maganarsa ba, an sa wasu ƙwararru daban sun sake duba kowane fayil. Kuma waɗanda aka kwatanta da su ba lafiyayyu ba ne, masu cututtukan da ke kama da lufus ne, irin su Sjögren da rumatoid da sikilirodama. Wannan ya fi wahala a kan a kwatanta da mutanen titi. Idan kana da wata hanyar da ta fi, kawo ta.

Mai_Lissafi:
Hanyar da ta fi ita ce a bi mutum shekara biyar ko goma a ga abin da ya zama. Tsada da jinkiri ne suka hana. Ban ce a jefar da ma'aunin ba, na ce a san iyakarsa.

Ummu_Hanan:
Salamu alaikum likitoci. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mai cutar ce, ƙanwata ce ta sa ni a wannan zaure. Ina karanta ku hawaye na zubo mini. Shekara uku na yi ina yawo. Zazzaɓi ya zo ya tafi, gwiwa da wuyan hannu su yi ciwo, in na shiga rana in dawo kamar an yi mini duka. Wani likita ya ce mini alamuna uku ne, huɗu ake so, in je in dawo in wani abu ya ƙaru. Ban manta wannan magana ba. Abin da ya ƙaru shi ne ƙafafuna suka kumbura, fitsari ya koma kumfa. Aka ɗebi tsokar ƙoda aka ce lufus ta ƙoda ce mataki na huɗu. Ranar kowa ya yarda lufus ce. Ni dai tambayata, sai ƙoda ta lalace ne takarda take yarda?

Sista_Maijidda:
Allah sarki Yaya. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Likitan_Ƙoda:
Amin. Hajiya, abin da ya same ki shi ne ainihin raunin waɗannan ma'aunai, musamman tsohon na 1997. Lufus ba ta zuwa da kayanta gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya take sauke su, wani lokaci tsakanin alama da alama shekaru ne. Ma'aunin yana tara abin da ya riga ya faru, don haka ya fi iya gane tsohuwar cuta a kan sabuwa. Ga shi kuwa a farkon ne aka fi buƙatar taimako.

A ɓangarenmu an samu gyara sosai. A na 1997 ƙoda alama ɗaya ce tak cikin 11, darajarta ɗaya da gyambon baki. Mutum zai zo da lufus ta ƙoda da aka tabbatar a madubi, da ANA, da anti-dsDNA, a ce uku ne bai cika ba. Abin dariya abin kuka. Na 2012 ya ce idan tsokar ƙoda ta nuna lufus kuma akwai ANA ko anti-dsDNA, magana ta ƙare. Na 2019 ya ba mataki na uku da na huɗu maki 10 cif, mataki na biyu da na biyar maki 8, furotin a fitsari sama da rabin giram a awa 24 maki 4.

Amma ga inda yake cizo. Akwai masu lufus ta ƙoda da ANA ɗinsu bai fito ba. Ba su da yawa, amma akwai su, na gani. A na 2019 ba su ma shiga ƙofa ba. Ni kuwa ba zan bar ƙoda tana ƙonewa ina jiran ANA ba.

Likita_Mai_Koyo, ka ce fitsari ƙalau. Da tsinken gwaji ka duba ko ka auna furotin da kiriyatinin? Ka duba a madubi?

Likita_Mai_Koyo:
Ranka ya daɗe, tsinke ne kawai. Zan tura a auna gobe in sha Allah.

Tsohon_Likita:
Ku yara kun samu sauƙi. Lokacin da muka fara aiki na 1982 ake amfani da shi, kuma ƙwayar LE, wata farar ƙwayar jini da ake gani a masu lufus, muke nema a madubi, wadda Hargraves ya gano a 1948. A gyaran 1997 ne aka cire ta aka shigo da antifosfolifid. Kafin na 1982 ma akwai na 1971. Kowane ya zo ana cewa an gama, bayan shekaru a sake. Na 2019 ma za a sake shi, ku rubuta ku ajiye.

Abu ɗaya da ban ji kowa ya ambata ba. Waɗannan ma'aunai an gina su ne galibi a cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka. A duk inda cututtuka masu yaɗuwa suka yi yawa, dokar nan ta "in babu wani dalili" tana da nauyi ninki biyu. Tarin fuka yana kawo zazzaɓi da ruwa a rigar huhu ko ta zuciya, maki 2 da 5 ke nan. Ƙanjamau tana kawo zazzaɓi, gyambon baki, faɗuwar ƙwayoyin jini, ciwon gaɓoɓi, har furotin a fitsari. Zazzaɓin cizon sauro yana kayar da ƙwayoyin daskarar da jini. Ciwon hanta nau'in C yana saukar da C4. Kuma duk waɗannan suna iya sa ANA ya fito. Wanda ya ɗora wa mai tarin fuka firednisolon, maganin sitiroid mai danne garkuwa, mai yawa don takarda ta ce goma, ya san abin da ya aikata.

Ɗan_Lab:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara da fararen ƙwayoyin jini. Mutane da yawa 'yan asalin Afirka, masu nau'in jinin da ba shi da Duffy (wata alama a kan jajayen ƙwayoyin jini), adadin nitirofil ɗinsu, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a ƙasa yake tun haihuwa kuma lafiyarsu ƙalau. Jimlar fararen ƙwayoyinsu tana iya zama ƙasa da 4,000 ba tare da wata cuta ba. In ba a sani ba, an ba su maki 3 kyauta.

Famasis_Ɗanbaiwa:
Kada a manta da magunguna. Haidiralazin, forokenamaid, isonayazid, minosaikilin, da magungunan da ke toshe TNF, sinadarin da ke hura kumburi a jiki, duk suna iya haifar da abin da ya yi kama da lufus, kuma yakan lafa idan aka daina. Isonayazid ɗin nan kuwa maganin tarin fuka ne, kun ga an koma kan maganar Baba. A tambayi mara lafiya duk abin da yake sha kafin a ɗauko kalkuleta.

Ɗalibi_Aji5:
Tambaya a gefe. Me ya sa ake ce mata lufus? Kuma gaskiya ne mata kaɗai take kamawa?

Likitar_Fata:
Kalmar Latin ce, ma'anarta kyarkeci, wai saboda yadda gyambon fatar ke cin fuska kamar cizonsa. Ba mata kaɗai ba, amma kusan tara cikin goma mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Namiji in ta kama shi sau da yawa takan yi tsanani, kuma an fi jinkirin gane ta don ba a kawo ta a rai.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Mai tambaya yana son ya san abin da zai rubuta a fayil da abin da zai yi wa yarinyar.

Dr_Amosani:
To. Ni da a gabana take, bayan na kore ƙanjamau da ciwon hanta B da C da magunguna, na duba jinin a madubi na tabbata ƙwayoyin ba dunƙulewa suka yi ba, zan rubuta "mai yiwuwa lufus ce a farkonta". Zan fara mata maganin lufus haidiroksikulorokwin, in sa a duba idonta don yana iya taɓa ido, in riƙa ganinta duk wata uku da gwajin jini da fitsari. Maki 9 ba zai hana ni ba. Bambancin 9 da 10 layi ne da mutane suka ja don bincike, ba wani abu ne da ke faruwa a jikinta ba.

Mai_Shakka:
Ni ban yarda ba, Dakta, da dukkan girmamawa. Kowa a nan yana magana kamar hatsarin ɗaya ne, wato a makara. Akwai hatsari na biyu. Idan ka rubuta lufus a fayil ɗin yarinya mai shekara 26, ta bi ta har abada. Duk ciwon kai da za ta yi nan gaba za a ce lufus ce, a daina neman wani dalili. Wani likitan zai gani ya ɗora mata sitiroid ba tare da dogon tunani ba. Za ta shiga fargabar ciki da haihuwa. Na karɓi marasa lafiya da aka yi wa wannan tambari shekara goma, da na tona sai na tarar ANA ne kawai da ciwon jiki na faibiromayaljiya, ciwon da ke game jiki ba tare da kumburi ba. Cire sunan ya fi sa shi wahala, wasu har faɗa suke yi da kai don sun saba da shi. Akwai suna na tsakani, cutar garkuwa da ba ta bayyana nau'inta ba. Yawancin masu wannan ba sa zama lufus. Me zai hana a rubuta haka a ci gaba da sa ido?

Dr_Amosani:
Ai ba mu yi nisa da juna ba. Sunan ne muka saɓa, bibiyar ɗaya ce. Amma wanda ANA kawai gare shi da ciwon jiki daban, wadda ƙwayoyin jininta suka faɗi kuma C3 ya sauka daban. Wannan ba faibiromayaljiya ba ce.

Mai_Shakka:
Na yarda ba ita ba ce. Ban yarda an kai ga sunan ba tukuna.

Ummu_Hanan:
Likita Mai_Shakka, ni da an ba ni ko da sunan tsakanin ne aka ce in riƙa kawo fitsari duk wata uku, da na gode. Ba sunan ne ya dame ni ba, sallamar da aka yi mini ce.

Mai_Lissafi:
Akwai wasu masu bincike a tsibirin Kirit na ƙasar Girka da suka fitar da wani ma'auni a 2021 mai suna SLERPI. Shi an yi shi ne da niyyar taimaka wa gano cutar, kuma bai sa ANA a matsayin ƙofar shiga ba, maki ne kawai a cikinsa kamar sauran. Tunaninsa ya fi kusa da yadda likita ke yi, wato yiwuwar ta yi ƙarfi ko ta yi rauni, ba e ko a'a ba. Sai dai shi ma da hukuncin ƙwararru aka gwada shi, don haka ƙorafina na nan.

Likitan_Yara:
Na makara. A yara ma ana wannan gardama. Su cutar takan zo musu da ƙarfi, da ƙoda da jini tun farko, shi ya sa sukan cika maki da wuri. Amma asalin rukunin da aka gina na 2019 a kansa manya ne, kuma yara suna yawan kamuwa da ƙwayoyin bairos masu kawo zazzaɓi da kurji da faɗuwar jini na ɗan lokaci, har ANA ya fito ya koma. Ni ba na gaggawar lissafi a makon farko sai in ƙoda ko ƙwaƙwalwa ta shiga.

Likita_Mai_Koyo:
Na dawo da labari. Furotin a fitsari daidai yake, babu jini a madubi. Ƙanjamau da ciwon hanta B da C duk babu. Ba ta shan kowane magani. Amma da na sake bin gidajen goma da Dr_Amosani ya lissafa, sai na ga ban taɓa tura antifosfolifid ba. Na tura. Antikadiyolifin IgG, ɗaya daga cikinsu, ya fito sama da 40. Maki 2 ke nan, jimla 11. A na 1997 ma yanzu ta cika huɗu. Yayan nawa da ya ce kada in rubuta, yau da kansa ya rubuta.

Sista_Maijidda:
Ikon Allah. Yarinyar da ta shigo ranar Litinin ita ce dai ta ranar Alhamis.

Mai_Shakka:
Tsaya tukuna. Yanzu ne ma tambayar ta ƙara ƙarfi. Ciwon antifosfolifid shi kaɗai, ba tare da lufus ba, yana saukar da ƙwayoyin daskarar da jini. Idan shi ne ya kayar da su, dokar da Dr_Amosani ya karanto mana ta ce a cire maki 4, a koma 7. Kuma gwaji ɗaya bai isa ba, sai an maimaita bayan mako 12, don yakan fito na wucin gadi bayan wata rashin lafiya.

Dr_Amosani:
Maimaitawar mako 12 sharaɗin ma'aunin ciwon antifosfolifid ne, a na lufus na 2019 fitowa sau ɗaya ta isa. Amma a maimaita ɗin, na yarda, don amfanin yarinyar. Sai dai ka faɗa mini, ba ta taɓa samun toshewar jijiya ba, ba ta taɓa ɓari ba, ga gyambo a ganɗa. Wane dalili ne ya fi lufus dacewa da waɗannan gaba ɗaya?

Likitan_Ƙoda:
Ku ci gaba da gardamarku. Likita_Mai_Koyo, ko me aka rubuta, fitsari da awon hawan jini duk zuwa. Kuma ka tambaye ta ko tana shan maganin tazarar haihuwa mai istirojin, don da wannan sakamakon dole a sake shawara a kansa.

Likita_Mai_Koyo:
Ban tambaya ba wallahi. Tana da ranar dawowa mako mai zuwa, zan tambaya, in kuma tura sauran gwaje-gwajen antifosfolifid, lufus antikowagulan da anti-beta-2, tare. Dakta Mai_Shakka, idan na biyun ya dawo babu komai bayan mako 12, maki nawa za ka ba ta?